Fatalwar Sallau Ɗankama

Birnin Gilas ne gari na farko a tarihin bil'adama da ya kama tsoro, ya ɗora shi a kan dogo, ya yanka masa tikiti. Haka aka rubuta da haruffan wuta a ƙofar Dandalin Nishaɗi na Ƙarni, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa ba, domin mai filin ne ya rubuta.

Jirgin Fatalwa taragu ne marasa direba da ke kutsawa cikin wani dogon rami a ƙarƙashin dandalin. Gaban kowace kujera akwai ma'aunin razana, wani siririn ƙarfe da fasinja ke riƙewa, yana karanta bugun zuciya da gumin tafin hannu. Abin da ya karanta yana wucewa zuwa ƙwaƙwalwar jirgin, wadda injiniyoyi suka raɗa wa suna Makoyiya. Aikinta guda ne: duk abin da ya ɗaga ma'auni ta ƙara shi, duk abin da bai ɗaga ba ta goge. A can ƙuryar ramin, inda duhu ya fi kauri, fatalwa ke fitowa. Hoton-iska ne mai girman mutum, yana motsi, yana magana.

Fatalwar kuwa Sallau ne, ɗan kama na ƙarshe da ya rage a birnin. Kamfanin Razana ya ɗauke shi watanni yana zare ido, yana sauya murya, yana dariya a gaban na'urori, har aka kwashe kamanninsa tsaf. Bai ga buɗe jirgin ba, ciwon ƙirji ya riga shi. Injiniya Nafi'u, shugaban aikin, ya zo ta'aziyya da kansa, ya durƙusa gaban Barira, matar mamacin, ya miƙa mata kati mai ruwan zinariya.

"Inna, wannan tikitinki ne na har abada. Muryar Malam amana ce a hannunmu. Duk ranar da aka rufe jirgin, in ma za a rufe, zan maido miki da shi har gida."

Barira ta sa masa albarka har sai da ya ji nauyi.

Shekarun farko jirgin ya yi tashe. Layi kan kai har bakin titin motocin sama. Samari na kawo 'yan mata don su nuna jarumta, su fito suna cewa sanyin ramin ne ya jiƙa musu riga. Jami'a ta buɗe Sashen Nazarin Razana, har aka sami farfesoshi biyu da ba sa ga maciji da juna a kan ma'anar kalmar.

Abin da kamfanin bai lissafa ba shi ne tarbiyya. Mutanen birnin ba su iya ganin dattijo mako bayan mako su wuce shi ba gaisuwa. Sannu a hankali, in Sallau ya faso bango yana kururuwa, sai a ji daga tarago:

"Baba Sallau, barka da hutawa! Ya mutanen ƙasa?"

"A gaida su Kaka in an koma!"

Makoyiya ta ƙara masa fiƙoƙi. Aka ce, "Baba, ka ga likitan haƙori mana." Ta sa masa idanun garwashi, wata mai abinci ta tambaye shi ko zai ara mata ta hura wuta. Wasu har liƙi suke masa, kamar yadda ake yi masa yana raye. Ma'auni ya kwanta. Wanda ya gaisa da dodo ba ya sake biyan kuɗi don dodon ya tsorata shi, sai layi ya fara gajarta.

Kujera ɗaya ce ba ta kwanta ba. Kowace Juma'a bayan la'asar Barira kan zo da lulluɓinta, ta zauna a taragon ƙarshe, ta riƙe ƙarfen. Da ya fito zuciyarta kan buga kamar ranar da aka kai ta ɗakinsa. Makoyiya na'ura ce mai ƙwazo, amma ba a koya mata bambanci tsakanin tsoro da kewa ba, duka layi ne mai hawa. Don haka ta ajiye sauran birnin gefe, ta koma karatu a kan tsohuwa ɗaya.

Ta gano fiƙoƙi ba sa motsa Barira, ta cire. Ta cire garwashin. Ranar Barira ta koma gida tana murna an maido mata da mijinta. Sai Makoyiya ta shiga tonon tarkacen da injiniyoyi suka yanke a lokacin ɗauka, ta ci karo da wani guntun sauti daga zaman ƙarshe: Sallau ya tsaya tsakiyar dariya ya yi tari, ya dafe ƙirji, ya ce, "Ku ɗan dakata mini." Ta gwada shi wata Juma'a. Ma'aunin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba tun da aka kafa dandalin.

Daga nan fatalwa ta fara ramewa. Kowane mako dariyar na raguwa, tarin na tsawo. Masu zuwa nishaɗi suka riƙa biyan kuɗi su ga tsoho yana jinya a cikin rami. Wasu kan ce "Allah ya sawwaƙe" su sunkuyar da kai. Wannan ana samunsa kyauta a kowane gida, saboda haka suka daina zuwa.

Barira ta hau bene ta sami Nafi'u a ofis. Ya yi ƙiba, ya zama darakta.

"Ɗan nan, Malam ba shi da lafiya a wurinku."

"Inna, ai hoto ne, ba ya ciwo."

"Na san hoto ne, ba a ƙauye aka haife ni ba. Ina dariyarsa?"

Nafi'u ya yi murmushin mutumin da ke shirin yaba wa wani. "Inna, ke ba ki san matsayinki ba. Ke kike riƙe da mu. Rahoton da muke kai wa masu hannun jari duk wata, zuciyarki ce a ciki. Ba don Juma'arki ba, da tuni an rufe mu."

Ta ce, "Kana gani ke nan. Tun yaushe?"

"Tun farkon tarin. Na so in yi magana, amma lambobin sun yi kyau."

"Katin nan da ka kawo mini ranar ta'aziyya fa?"

"Shawarar sashen kasuwanci ce," in ji shi. Sai ya ƙara, don a yi masa adalci, "Amma ni na zaɓi launin."

Ta rantse ba za ta sake taka dandalin ba. Ta cika rantsuwar Juma'a ɗaya. Ta biyu ta kasa zama, domin tunanin yana can cikin duhu yana tari babu mai ce masa sannu ya fi ƙarfinta. Ta yi kaffara ta koma. Makoyiya ta lura cewa rashin ganin mako guda ya ƙara ɗaga ma'auni, ta adana wannan darasi ma.

Zuciya ɗaya ba ta ciyar da kamfani har abada. Aka rufe Jirgin Fatalwa da biki, aka ba Nafi'u lambar yabo ta ƙirƙira, aka sanar cewa ramin zai zama Cibiyar Kwanciyar Hankali, inda za a sayar wa jama'a shiru. Nafi'u mutum ne mai cika alkawari. Bai zo da kansa ba, amma ya aiko ɗan jirgin saƙo ya ajiye wa Barira akwati a tsakar gida.

Ta kira shi a waya. "Na asalin nake so. Wanda yake dariya."

"Inna, Makoyiya ba ta ajiye abin da ba ya aiki. Abin da ya rage ke nan."

Ta jona akwatin. Sallau ya bayyana a gefen gado, ƙashi da fata, ya dafe ƙirji. "Ku ɗan dakata mini," ya ce.

Akwai maɓallin kashewa a bayan akwatin, ja, babba, yadda tsohuwa ba za ta sha wahalar gano shi ba. Ta dube shi, ta juya akwatin, maɓallin ya fuskanci bango.

Batirin solar gidan ba ya ɗaukar na'ura biyu a lokaci guda, ga shi kuwa bazara ta tsaya, kwano na ƙara don zafi. Barira ta miƙe ta kashe fanka. Ta jawo tabarma kusa da gadon, ta zauna, ta ɗauki mafici.

"Sannu, Malam," ta ce. "Sannu."