Ɓarawon Da Ya Bar Tagulla

Ana saukowa daga sallar Juma'a Malam Yusha'u mai gyaran fanka ya faɗo caji ofis, ko hula babu a kansa.

"Ranka ya daɗe, an kashe min inji!"

Sufeto Fahad bai cika son a yi masa ihu ba, amma da ya ga mutumin ba da wasa ya zo ba, sai ya ajiye abincinsa ya ɗauki makullin mota.

A hanyar Rafin Guza ya ji bayani. Wata uku ke nan taransifomar layinsu ta ƙone, shi ne Yusha'u ya haɗa nasa injin a bayan gida. Ruwan rafi yana juya wata tsohuwar tayar keke, tayar tana juya faifai mai maganaɗisu goma sha biyu a gaban naɗin wayar tagulla, wutar da ta fito tana cika batir, batir yana riƙe da ƙaramin firji.

"Duk wannan tashin hankalin a kan ruwan sanyi ne?"

Yusha'u ya sunkuyar da kai. "Allurar ciwon sugan iyalina Hasana ce a ciki. Batirin ba zai kai magariba ba, kuma zafi lalata maganin yake. Don Allah ya tsaya tsakaninmu, ba ta son unguwa ta sani."

Sufeto ya taka mota.

Tayar tana ta juyawa a banza. An ɓamɓare maganaɗisun tas, ga naɗin tagulla kuwa jajir, ko taɓa shi ba a yi ba. A gefen faifan akwai ɗigon jini.

"Maganaɗisun suna cizo ne?" in ji Sufeto.

"Sosai ma. In biyu suka haɗu da yatsanka a tsakani, sai ka kira sunan mahaifiyarka."

Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun janyo Balarabe mai gwangwan, don a unguwar ko cokali ya ɓata shi ake nema. Ya rantse yana masallaci, can ya dawo ya ce barci ya kwashe shi.

"Nuna hannu," in ji Sufeto. Babu ciwo.

"Yallaɓai," Balarabe ya nuna injin da baki, "ni zan tsallake wannan jar tagullar in kwashi baƙaƙen duwatsu? Ai ko ɓarawo ne ni, ba mahaukaci ba ne."

Maganar ta zauna wa Sufeto. Ya duba agogo, huɗu saura. Ya yi ta safa da marwa a bakin rafin, sai idonsa ya faɗa kan wata waya da ta haura katanga, an datse ta a tsakiya.

"Ina ta nufa?"

"Shagon Abdulƙadir tela. Da na ba shi wutar ƙwan fitila ɗaya, da firji ya zo na yanke. Ko gaisuwata ya daina amsawa."

"Ka gaya masa dalili?"

Yusha'u ya girgiza kai.

Suka tarar da tela yana yankan yadi a bakin shago, babban yatsansa naɗe da ƙyalle.

"Allura ce ta soke ni," ya faɗa tun ba a tambaye shi ba. "Ni ko sanin yadda injin nan yake ban yi ba."

"To madalla. Ara min almakashinka."

Sufeto ya karɓa, ya kai bakinsa kan gwangwanin allurai, ya ɗaga. Allurai biyar suka biyo shi suna reto.

"Malam Abdulƙadir, yaushe almakashinka ya koyi kamun allura? Da shi ka ɓamɓaro su, ko ba haka ba?"

Aka shiga binciken shagon. A ƙarƙashin tarin ƙyallaye aka zaro maganaɗisun manne da juna, an ɗaure su da waya an haɗa da ƙwan fitila. Kai, wauta ba ta da magani!

"Na ɗauka wutar a cikinsu take," ya ce murya ƙasa-ƙasa. "Na yi ta jira, ƙwan bai kama ba."

"Ai sai sun gilma ta gaban naɗin waya," in ji Yusha'u cikin takaici. "A ajiye, duwatsu ne kawai."

Tela ya juyo kansa. "To kai me ya sa ka wulaƙanta ni? Shekara goma muna katanga ɗaya, ka yanke min wuta don ka sha ruwan sanyi!"

Yusha'u ya waiwaya wajen gidansa. Sai daga zaure aka ji muryar Hasana, a gajiye.

"Maganina ne a firjin, Malam Abdulƙadir. Ni na hana shi faɗa."

Tela ya daskare, bakinsa a buɗe. Yusha'u kam ya riga ya kwashi maganaɗisun ya ruga bayan gida. Ana kiran magariba firjin ya soma gurnani.

Abdulƙadir ya miƙa hannu da kansa aka sa masa ankwa. Har sun kai bakin mota ya ja ya tsaya.

"Yallaɓai, don Allah a tambayo min ko maganin ya lalace."

Sufeto ya buɗe masa ƙofa. "Na riga na tambaya, bai lalace ba. Shiga."