Sunan Wa Za a Rubuta?

Har aka kira assalatu Murjanatu ba ta runtsa ba.

Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat, ta juya dama tana nan, ta juya hagu tana nan: ina kuɗin suka shiga?

Shanu biyar mahaifinta ya bar mata gado, ana kiwonsu a Dutsi tun tana 'yar firamare. Ta sa an sayar da su, ta haɗa da abin da ta tara a aikin koyarwa, domin su mallaki wani ɗan gida kusa da rijiyar Kusugu, ita da Nu'uman, wanda saura mako biyar a ɗaura musu aure. Ranar Litinin ta tura naira miliyan ɗaya cikin asusunsa, ya kai wa dillali kafin alƙalami. Jiya Laraba dillalin ya kira ta.

"Malama, ni fa ko kwabo ban gani ba. In Juma'a ta wuce, akwai mai so."

Sai maganar Zinariya ta dawo mata. Zinariya maƙwabciyarsu ce, tana aiki a wani ƙaramin banki, kuma duk unguwa an san ta daɗe tana son Nu'uman.

"Amarya, a dai yi bincike," ta ce da ita a gidan suna, tana murmushi. "Mu da muke ganin littafi mun san waɗanda sunansu ya yi baƙi..."

Da gari ya waye, Gwaggo Barakatu, wadda ta raine ta, ta dube ta sau ɗaya ta ajiye ludayin koko.

"Idonki kamar garwashi. Yaron nan ne?"

Murjanatu ta zayyana mata komai.

"Innalillahi! Shanun Abdulbaƙi? Yau zan sa kawunki Saminu ya mayar musu da lefensu!"

"Gwaggo, bashi hanji ne, yana cikin kowa..."

"Na kowa a ciki yake zaune, 'yar nan. Nasa ya fito har ya naɗo naki!"

"Ki ba ni zuwa la'asar. Don Allah."

Da la'asar Nu'uman ya zo, amma ba ta ji ƙarar babur ɗinsa ba. A ƙasa ya tako. Ya zauna a gefen tabarmar zaure, duk ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Murjana, hasken idona..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan yau. Ina kuɗina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Banki ya janye. Ko minti biyar ba su yi a asusuna ba."

"Wane banki?"

"Bara na ci bashi na sayi gero da masara na ajiye, ina jiran farashi ya hau. Sai ya faɗi warwas. Na kasa biya a kan lokaci. Yanzu duk sisin da ya shiga da sunana, ko a wane banki ne, sai su kwashe. Na ɗauka sun ɗaga mini ƙafa zuwa kaka."

"Ka ɗauka! Kana ji ina karanto lambar asusunka, ka yi shiru?"

"Tsoro ne, Murjana. Gani nake ranar da kika sani, ranar zan rasa ki."

Ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya ajiye a gabanta.

"Na sayar da babur da kasona na gonar Baure. Dubu ɗari tara da arba'in ne. Saura dubu sittin, wallahi zan cika."

Ta dubi ƙunshin, ta dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu. Zuciyarta ta karye, amma tsoron bai tafi ba.

"Nawa ya rage suna binka?"

"Miliyan biyu da 'yan kai."

"In aka rubuta gidan da sunanka fa?"

"Suna iya kai ni kotu... a sa a sayar."

"In da sunana ne?"

Ya kau da kai.

"Kin san garin nan. Za a ce Nu'uman ya tare a gidan mace. Majalisa ma sai ta gagare ni zama." Ya miƙe a hankali. "Amma dukiyarki ce. Ba ni da bakin magana."

Bayan tafiyarsa ta kasa tashi daga tabarmar. In ta bari aka sa sunansa, wata rana za ta iya tsayawa a titi tana kallon ana buga wa gadon ubanta farashi. In ta sa nata, ta tozarta shi a gaban maza, kuma ta san akwai mazan da ba sa yafe wannan har abada. Zinariya na nan tana jira, ita ba za ta tambaye shi sunan wa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a zauren mai unguwa: mai sayar da gidan, dillali, Kawu Saminu fuska a murtuke, da Nu'uman. Murjanatu ta raɓe a bakin ƙofa cikin hijabi.

Magatakardan mai unguwa ya soma karanta takardar ciniki.

"...ya sayar da gidansa ga Malam Nu'uman Audi..."

Murjanatu ta ɗago kai.

Babu wanda ya tambaye ta. Babu kuma wanda ya yi da mugun nufi. Magatakardan ya ji an ce gidan ango da amarya ne, sai ya rubuta sunan namiji, kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

Aka miƙa wa Nu'uman biro. Sa hannu ɗaya, shi ke nan.

Ya riƙe biron. Bai rubuta ba, bai kuma ajiye ba. Ya ɗago ya dube ta, irin kallon wanda ya miƙa wuya yana jiran hukunci.



"Ranka ya daɗe," ta ce da mai unguwa, murya ƙasa-ƙasa, "a yi haƙuri a sake takardar. Murjanatu Abdulbaƙi za a rubuta."

Ta runtse ido, tana jiran ta ji takun fitarsa.

Dillali ya ƙyalƙyale da dariya.

"To ango, kai kuma a ina za mu ajiye ka?"

"A layin shaidu," in ji Nu'uman. "Kuma matsugunin mace wajibin mijinta ne. Haya zan kama a wurinta, duk shekara in biya a gaban Kawu."

Kawu Saminu ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Magatakarda, wannan ma a rubuta. Da dubu sittin ɗin da suka rage."

Aka sake takarda. Murjanatu ta matso ta sa hannu a sama, Nu'uman ya sa nasa can ƙasa, bayan na dillali.

Da suka fito, mutane na ta wucewa, wasu har sun fara waiwaye. Ta san kafin magariba zancen ya zaga unguwa, ta san bashin na nan bai motsa ba. Ta warware bakin hijabinta, ta ciro mukullin da aka damƙa mata, ta saka a tafin hannunsa.

"Mai haya," ta ce, ba ta ɗago ba, "ƙofar tsakar gida tana bukatar gyara kafin biki."

Ya damƙe mukullin da hannu biyu.

"Gobe da sassafe, uwar gida."