Hanyar da Auta Zai Cire

Tun da ofis ya watse bayan magariba, Auta ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi ke kula da manhajar da ke haɗa hanyoyin hira daban-daban, wadda kowa ke iya gyarawa kyauta. Yau zai cire wata hanya da aka rufe tuntuni, sai ya tambaya yadda aka saba: "Akwai mai amfani da ita?"

Ta matacciyar hanyar amsa ta shigo: "Ina nan."

Ya fizge wayar intanet. Ƙamshin wani man shafawa ya cika ɗakin. Saƙo ya sake faɗowa:

"Haba Auta, daina kaɗa ƙafar nan, kana girgiza min kujera."

Duk duniya, marigayiya yayarsa kaɗai ke masa wannan faɗan.