A Kauce wa Farfela

Ranar da abin ya fara, muna zaune a falo bayan sallar magariba, an ɗauke wuta. Surukata tana ninke wanki. Jikata tana kwance da kanta a cinyata, sanye da hular aikin ubanta da ta sauko mata har hanci, wadda saboda ita yake kiranta Kyaftin. Sai fankar sama ta motsa. Ta yi juyi ɗaya a hankali, kamar an tura ta da yatsa, ta tsaya, ta sake juyawa. Tagogi a rufe suke. Warin man jirgi ya cika ɗakin, har ya kama maƙogwaro.

Ɗana sabon matuƙin jirgin sama ne, bai daɗe da karɓar lasisi ba. Ya sayar da motarsa da filin da ubansa ya bar masa, ya sayi ƙaramin jirgi na hannu mai kujera biyu. Jirgin na wani tsohon matuƙi ne da ya rasu, aka bar shi shekara da shekaru a bayan rumfar jirage, ciyawa ta haɗiye tayoyinsa. Na ce masa abin da ya daɗe a ajiye ba ya rasa mai zama a cikinsa. Ya yi dariya.

“Mama, makanike ya duba komai, har cikin fiffike. 'Yar tsatsa ce kawai.”

Na ce, “Abin da babba ya hango, yaro ko jirgi ya hau ba zai hango ba.”

A ranar fankar ne ya fara tayar da injin. Ya dawo da baƙin mai a goshi, yana murmushi kamar ango, ya yi wa Kyaftin alkawarin ita ce farkon wadda zai kai sama.

Washegari da faɗuwar rana aka fara jifa. Tsakuwa ke sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na fita da tsintsiya na tattaro su a tafin hannuna. Ba tsakuwar layinmu ba ce. Baƙa ce, mai kwalta, irin ta titin da jirage ke gudu a kai. Na nuna wa ɗana, ya ce yaran maƙwabta ne.

Daga nan sai yarinya. Da zarar rana ta yi ja, sai ta miƙe tsakiyar ɗaki, idanunta a kafe, ta fara juya hannun dama tun daga kafaɗa, tana gurnani daga can cikin ƙirji. Manya biyu ba sa iya riƙe hannun. Asibiti suka ɗauki hoton kanta, suka ɗebi jini, suka ce lafiya lau. Ita kuwa tana ramewa a gabanmu, kafaɗar ta kumbura, abinci ba ya zama a cikinta. Uwarta ta yi kuka har hawaye ya ƙafe. Ni ban yi kuka ba, kuka bai taɓa sauke zazzaɓi ba. Na yafa mayafina na je na taho da malam.

Dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya fara karatu da muryar da ba ta hawa ba ta sauka. Rana tana gangarawa. Fanka ta fara juyawa, sai sauri, sai sauri, har labule ya tashi. Can ta tsaya cak.

Bakin jikata ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

“Ya isa, malam. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ita ba ta yi komai ba. Ku tambayi ubanta me aka koya masa ya faɗa kafin ya tayar da inji.”

Malam ya juya. Ɗana ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce a makarantarsu doka ce, kafin ka murɗa mabuɗi sai ka buɗe taga ka ɗaga murya ka ce a kauce wa farfela, ko da ba ka ga kowa ba.

“Ka faɗa?” in ji malam.

“Malam, fili ne fayau. Ni kaɗai ne. Na ji kunyar yin ihu ni kaɗai.”

Muryar ta yi dariya marar daɗi. “Shi kaɗai! Tsohon mai jirgin bai taɓa fashi ba, ko tsuntsu babu sai ya kira, mu kwashe yaranmu. Jikana yana barci a inuwar hancin jirgin. Kira ɗaya ya ishe shi.” Sai idanun suka juyo kaina. “Ke tsohuwa, da naki aka sare, me za ki yi?”

Duk unguwa an san ni da amsa. Ranar sai na kau da idona daga nata.

Muryar ta ce rai da rai take so. Malam ya ce Allah bai ɗora wa wani laifin wani ba, ya koma karatu har jikin yarinyar ya ɗauki karkarwa. Ta nemi hannun da ya murɗa mabuɗin, malam ya ƙi. Can sai muryar ta ce:

“To ya bar mana jirgin inda yake, kabarin jikana ne yanzu. Kada ya sayar, kada ya taɓa. Kuma ya bar sama. Ranar da ƙafarsa ta rabu da ƙasa, a jirginsa ko a na wani, zan dawo, ba kuma da tsakuwa ba.”

Malam ya dubi ɗana. Ɗana ya kalli kafaɗar 'yarsa. Ya ce ya yarda.

Yarinya ta yi atishawa, ta faɗi a jikina, warin mai ya tafi.

Ta warke, ba ta tuna komai. Ubanta yanzu motar kaya yake tuƙa wa wani kamfani, ya zaɓi doguwar hanya don kada ya bi ta gefen filin jirage. In jirgi ya wuce ta saman gida, ba ya ɗaga kai. Ita ce ke fita a guje da hular nan, ta dawo tana haki.

“Baba, yaushe za ka kai ni? Ka fa yi alkawari.”

“Sai an gama gyara, Kyaftin.”

Jiya da aka kawo wuta na same shi shi kaɗai a falo, hannunsa a kan makunnin fanka. Bai ga shigowata ba. Ya duba kusurwa huɗu na ɗakin da babu kowa, ya gyara murya, ya ce a hankali, “A kauce.” Sannan ya jira, kafin ya kunna.