Na Ƙarshe a Tseren Jos

A gangaren unguwar Rikkos Fiddausi ta fara ganinsa, wata safiya mai sanyi, tana hanyarta ta zuwa firamaren da take koyarwa. Dogon saurayi ne cikin rigar sanyi, yana gudu yana ɗingishi. Yana zuwa daidai inda take ƙafarsa ta hagu ta gaza, ya kife a ƙasa.

"Subhanallahi! Sannu, Malam. Wa ya biyo ka?"

Ya ɗago yana haki, sai kuma ya yi dariya. "Babu kowa, Malama. Ƙafata nake koya wa aiki."

Wandonsa ya ɗage, ta ga tabon ɗinki tun daga gwiwa har idon sawu. Ta sake yi masa sannu. Shi kuwa ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya yi mata godiya, ya ci gaba da hawan tudun. Ta daɗe tsaye tana kallon bayansa, har ta makara.

Daga ranar kusan kullum sai sun haɗu. Gaisuwa ta zama hira, hira ta kai ga karɓar lambar waya. Sunansa Mustapha, tela ne a unguwar Gangare. A da direba ne, ya yi haɗari a hanyar Bauchi, aka sa masa ƙarfe a ƙafa, likitoci suka ce da wuya ya rabu da sanda. A asibiti ya yi jinya gado da gado da Koci Pwajok, wani dattijo mai horar da 'yan gudu. Shi ya ce masa, "Yarona, in ka yarda da ni, za ka yi rabin gudun famfalaki a garin nan." Kilomita ashirin da ɗaya ke nan.

Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo 'yar Nokiyarta:

"Malamata, yau na hau tudun Rikkos ban tsaya ba. Na tuna kina can sama, sai ƙafar ta daina gardama."

Ta rufe fuska da mayafi tana murmushi, sannan ta rubuta:

"Barka, jarumina. Amma ka riƙa tausaya mata, ba taka ba ce kai kaɗai yanzu."

Da maganar ta je kunnen mahaifinta, Malam Datti makanike, sai ya murtuke fuska.

"Mutumin da Allah ya tashi kafaɗarsa, maimakon ya zauna ya gode, sai ya riƙa zaga gari da gudu kamar wanda ya zautu? Ran da ƙafar ta sake karyewa, wa zai riƙe ki? Ga Salim ɗan aminina, da shagonsa a kasuwar Terminus, lafiyarsa ƙalau."

"Baba, ba hauka ba ne…"

"Na gama magana."

Salim ɗin ne kuma ya kawo mata labari, cikin muryar tausayi, wai ya ga Mustapha a filin wasa da wata budurwa tana murza masa ƙafa. Fiddausi ta je da kanta. Ta hango shi zaune a benci, yarinyar durƙushe gabansa riƙe da gwiwarsa, suna dariya. Ta juya ba ta yi sallama ba. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ko ɗaya ba, har suka daina zuwa.

Ana nan sai ga yarinyar a ƙofar ajinta.

"Ke ce Fiddausi? Ni Klaudiya, 'yar Koci Pwajok. Aikina gashin ƙashi, ni nake duba ƙafar Mustapha. Yana asibiti, taifot ta kwantar da shi. Sista, ko cikin zazzaɓi sunanki yake kira, har majinyatan ɗakin sun haddace."

Kunya da tsoro suka rufe Fiddausi. Da ta je asibitin ta shiga ɗakin, ta same shi ya rame, idanunsa sun faɗa, sai hawaye ya zubo mata.

"Ka yafe mini, na yi maka mummunan zato."

"Tunda kin zo, sanyin idona, ai magana ta wuce."

An sallame shi, tseren da yake ta shiri dominsa na ƙaratowa. Likita ya yarda ya shiga, da sharaɗin in ya ji jiri ya tsaya. Hankalin Fiddausi bai kwanta ba, ta tura masa:

"Jarumina, don Allah ka bari sai baɗi. Ina tsoro."

Amsa ta zo:

"Ni ma ina tsoro, Malamata. Ba na neman na ɗaya. So nake in kai ƙarshe da ƙafar da aka ce ta gama aiki. Ki yi mini addu'a."

Ranar tseren aka rufe manyan tituna. Fiddausi da Klaudiya da Koci suka tsaya a filin wasa inda ake ƙarewa. 'Yan gudun tsaunukan Filato suka fara shigowa kamar iska, jama'a na ihu. Aka raba kyaututtuka. Rana ta ɗaga, aka buɗe tituna, ma'aikata suka fara tattara kujeru. Babu Mustapha. Fiddausi ta rasa abin yi sai salati.

Can sai suka ji ƙarar hon, ba na mota ɗaya ba. Suka fita bakin titi da sauri.

Abin da ta gani ya sa ta dafe ƙirji. Mustapha ne tafe a tsakiyar titi, rigarsa sharkaf da gumi, yana jan ƙafar hagu, amma gudu yake, ba tafiya ba. Dab da bayansa wata tsohuwar mota fijo na rarrafe, fitilunta na walƙiya, ta tare masa dogon layin motoci. 'Yan acaɓa sun jeru gefe da gefe. Mata masu sayar da dankali da kabeji sun bar kayansu suna binsa da tafi, mutanen da suka fito daga coci da 'yan kasuwar Gangare duk sun cakuɗe, ana ta "Saura kaɗan, oga! Saura kaɗan!"

Fiddausi ta san motar. Ta Babanta ce.

Ma'aikatan suka ajiye kujerun, biyu daga cikinsu suka sake miƙa igiyar ƙarshe. Mustapha ya ratsa ta, ya zube ya yi sujada. Koci Pwajok ya rungume shi yana kuka kamar yaro.

Malam Datti ya fito daga mota idanunsa jajir. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Rufe hanya ne ya tsare ni a Farin Gada, ina ta faɗa. Da aka buɗe sai na gan shi shi kaɗai cikin motoci, ana neman bige shi. Na ce ya shigo in kai shi, ya ce, 'Baba, na gode, amma akwai mai jirana, kuma da ƙafata na yi niyyar isa.' Ya faɗi a gabana, ya tashi. Ya sake faɗuwa, ya tashi. Tsawon rayuwata ban taɓa ganin zuciya irin wannan ba."

Ya juya ga Mustapha. "Kai, idan ka huta, ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Rikkos. Koci ya zo cikin babbar rigar da ango ya ɗinka masa, Klaudiya na cikin ƙawayen amarya. Kafin a tafi da Fiddausi, Malam Datti ya dafa kanta.

"Na ba ki miji, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Gidan ya amsa da amin, guɗa ta tashi.