Faifan Ɗakin Gwaji

"Kowa ya kwanta! Kwanta na ce!"

Muryar Ustad Gulzar ke nan, shugabanmu. Juma'a ce, ana tsakiyar huɗuba, rabin Karachi na masallaci. Ni Dilawar ina cikin mota a bakin ƙofar wani kamfani, ban kashe inji ba. Aikina tuƙi. Da haka na riƙa yi wa kaina ƙarya shekara shida.

Tau! Harbi ɗaya.

Suka fito a guje — Ustad a gaba, Jamshed rungume da faifan kwamfuta, suna jan wani siririn mutum mai tabarau. Tsohon mai gadin yana kwance a kan matakala, carbinsa a hannu.

"Ja mu tafi!"

Na ja.

Jamshed ne ya kawo harkar. Ya taɓa yin wata huɗu yana gyaran waya a kamfanin kafin a kore shi, amma in yana magana sai ka rantse shi ya ƙera kwamfuta. Kamfanin na gwada manhajojin kulle bayanai ne. Ya ce a ɗakin gwaji akwai faifai cike da rufaffun fayiloli, makullan bankuna ne a ciki. Mai tabarau kuwa Tanveer Qaimkhani ne, injiniyansu, an ɗauko shi ya buɗe mana.

Muka ɓuya a wata tsohuwar majema a unguwar Korangi, inda wari kaɗai ya isa ya kori 'yan sanda. Ustad ya ɗora bindiga a kan tebur.

"Injiniya sahib, ka buɗe, ka koma gida. Ka kasa, ka san sauran."

Tanveer ya duba sunayen fayilolin. Ya ɗago kai.

"Kullen mai ƙarfi ne. Sai na yi kwana huɗu."

"Uku."

Abin da ya faru a ɓangaren 'yan sanda a kotu na ji shi. Insifekta Shahnaz Jatoi ta karɓi kwafin faifan daga ma'ajiyar kamfanin, ta kai wa masaninsu, wani dattijo mai suna Pervez Masih. Shi bai wahalar da kansa da fasa kulle ba. Kowane fayil yana da doguwar lamba tasa, hash suke ce mata, kamar zanen yatsa take: ka sauya harafi ɗaya a fayil, lambar ta sauya gaba ɗaya. Suna kuma da kundin lambobin sanannun fayiloli, waɗanda ke zuwa cikin manhajoji. Sukan fara tace waɗannan su zubar, abin da ya rage shi suke bincika.

Pervez ya tace. Ba abin da ya rage.

"Madam, fayil dubu uku da ɗari biyu, duk sun dace da kundi. Samfuran gwaji ne, masu zuwa da manhajar. Ko jikata za ta iya sauke su kyauta."

"Injiniyan ya sani?"

"Kallo ɗaya ya ishe shi."

"To lokaci yake saya." Ta tura ƙofa ta rufe. "Pervez sahib, kada wannan magana ta fita. Ranar da ɓarayin suka ji, gawarsa za mu ɗauka."

Ta je da kanta ta roƙi mai kamfanin ya kama bakinsa. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Mu kuwa muna can muna kallon Tanveer yana danne-danne, rubutu na gudu a allo. Ni nake kai masa shayi. Ran Asabar ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Bhai, ɗan'uwa, kana da 'ya'ya?"

"Biyu."

"Tawa ɗaya ce. Jibi za ta fara makaranta. Na saya mata takalmi, yana cikin jakata a ofis."

Ban ce komai ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Lahadi da azahar muna cin shinkafar biryani, talabijin na yi. Sai ga mai kamfanin cikin kwat, gashi ya sha mai. Bankuna sun fara janye aikinsu, shi kuma ya karya alkawari.

"Muna tabbatar wa abokan hulɗarmu ba a saci komai ba," in ji shi, har da murmushi. "Bincike ya nuna fayilolin gwaji ne kawai, lambobinsu sun dace da kundi."

Cokalin Ustad ya tsaya a iska.

"Jamshed."

"Ƙarya ne, Ustad! Tarko ne!"

"Injiniya?"

Tanveer ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Gaskiya ne. Tun ran farko na gani."

"Shi ya musanya su!" Jamshed ya daka tsalle. "Wallahi shi ne! Ɗan iska, ya ɓoye na gasken!"

"Da na taɓa ko ɗaya, da lambar ba ta dace ba," Tanveer ya ce. "Wata huɗu ka yi a wurin, ko wannan ba ka koya ba?"

Ustad ya dubi wannan, ya dubi wancan. Na ce, "Ustad, bar shi, ai ba shi da—"

Tau! Tau!

Tanveer ya zame daga kujera. Ustad ya juyo da bindiga wajen Jamshed — ba ya nan! Ya tsallaka taga. Ashe tun Asabar shegen ya duba lambar fayil ɗaya a wayarsa, ya gane kwabarsa ta yi ruwa, kuma da safiyar nan ya aika wa 'yan sanda inda muke don ya tsira da wuyansa. Shahnaz na kan hanya lokacin da ake hira da mai kamfanin.

Jiniya! Ƙofa ta faɗo! Ustad ya yi harbi uku, suka amsa masa da goma sha. Ni na ɗaga hannu, da shinkafa a yatsuna.

Minti ashirin ne tsakanin mutuwar Tanveer da shigowarsu.

Ga yadda aka tashi. Mai gadi Allah Ditta ya mutu. Ustad ya mutu. Jamshed ya zama shaidar gwamnati, shekara uku ya fito. Mai kamfanin ya riƙe bankunan da ke hulɗa da shi, har ya aika furanni gidan makoki. Ni ɗaurin rai da rai.

Ranar yanke hukunci matar Tanveer ta tare Pervez a bakin kotu. Ana wucewa da ni cikin ankwa, na ji ta.

"Baba, ni dai ka faɗa min. Me ke cikin fayilolin nan da aka kashe mijina a kansu?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Na buɗe ɗaya don in gani, 'yata. Sifili ne. Layi bayan layi, sifili."

Ƙaramar 'yarsu na riƙe da gefen mayafinta. Na kalli ƙafarta. An kai mata takalmin.