Igiyar da Rumaisa'u Ta Zare

Tun da hantsi Rumaisa'u ta goge ɗan teburi a ɗakin na'ura, ta shimfiɗa masa ƙyalle, don suwic, wato na'urar haɗa kwamfutoci, da za a kawo daga Dogon Dutsi. Ita ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon sana'a a Tibiri, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta iya jira ba. In ta ɗora shayi, sai ta buɗe buta sau biyar kafin ya tafasa.

Tana leƙen ƙofa karo na bakwai sai ga moto, wato babur, ya tsaya. Wani dogon saurayi ya sauko, zufar bazara ta jiƙa masa riga, ba kwali ba jaka.

"Malam, kai na Luƙman? Ina akwatin?"

Ya zaro ɗan kle na kwamfuta, irin wanda ake adana bayanai a ciki, daga aljihu, ya ɗora a tsakiyar ƙyallen. "Ga shi nan."

"Wasa kaka yi min?"

Ya yi murmushi, ita kuma ta ji haushin yadda murmushin ya burge ta.

Ya yi mata bayani a natse. Babbar na'urar cibiyar guda ce, amma an raba cikinta ta zama kwamfutoci huɗu: ta aji, ta ofis, ta laburare da ta jarrabawa. Tunda duk a ciki ɗaya suke, suwic ɗin da zai haɗa su, ya kuma hana 'yan aji leƙa ta jarrabawa, shi ma manhaja ce. Wadda ake samu a haɗe ta tsufa, ba ta jituwa da na'urarsu. Shi ya sa ya kawo rubutun manhajar na asali, za su gina ta da kansu a nan.

"Kwana nawa?" ta tambaya.

"Yadda wuta ta so."

Gaskiya ya faɗa. Ranar farko suka buga configure, wanda ke duba ko kayan aiki sun cika, ya ce uku babu. Sauke su kaɗai ya ci wunin. Da Luƙman ya dawo Asabar suka buga make, wanda ke gina manhajar, rubutu ya fara gudu a allo, na'ura ta ɗau zafi har Rumaisa'u ta ɗauko faifai tana yi mata fifita. Saura kaɗan aka ɗauke wuta.

Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. "Shi ke nan, mu koma hwarko?"

"A'a. Inda ya tsaya zai tashi. Zamna, Ruma, kina sa ni jiri."

Ba wanda ya taɓa rage mata suna haka ta ƙyale shi. Ta zauna. Awa biyu suka yi suna jiran wuta, ya ba ta labarin yadda ya koyi aikin nan a kan tsohuwar kwamfutar da ba ta da harafin "a", ta ba shi labarin babanta. Da wuta ta dawo, babu wanda ya lura sai da fanka ta kaɗa musu takardu.

Bai kai Dutsi ba saƙonsa ya shigo.

"Na tsaya shan ruwa a hanya. Na mance wani abu a ɗakin na'urarku."

"Mi? Na duba ban ga komi ba."

"Hankalina. Ki aje min shi, sarauniyar gaggawa."

Ta karanta sau tara, ta kife wayar, ta sake ɗagowa. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

A Asabar ta huɗu Luƙman ya je gaida Malam Ɗantala, mahaifinta. Tsohon ya yi shekara ashirin da shida a gidan waya na da, yana haɗa kira da hannu, ya zare igiya nan ya soka can. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa yanke wa mutum magana ba, sai kuma ɗiyarsa, wadda yake cewa ta gado shi. Yana cikin kwamitin iyaye na cibiyar.

"Suwic ba igiya, ba akwati?" ya tambayi Luƙman. "In ya lalace, ina mutum zai kama?"

"Sai a karanta abin da ya rubuta, Baba."

Tsohon ya ce "uhm" kawai. Shi Is'haƙa yake so Rumaisa'u ta aura, ɗan amininsa, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwa. Is'haƙa ba mugu ba ne. Kayansa ana ɗaukarsu a ji nauyi, kuma ya daɗe yana aiko wa Rumaisa'u gaisuwa tana amsawa da "na gode" busasshiya.

Aka gama gini, aka buga make install don girka manhajar, suwic ya tashi. Saura mataki ɗaya: a jona masa katin da ke fitar da na'urar zuwa duniya. Luƙman ya ja mata kunne.

"Wanga kam kar ki taɓa shi daga nesa. Da an jona katin, adireshin na'urar zai ɓace, sai an maida shi bisa suwic. Dole mutum shi zamna gabanta. Ki bari sai Asabar, bayan jarrabawa."

"Na ji."

"Ruma."

"Na ce na ji, Ɗan Dutsi."

Ranar Alhamis Madam Lydie, shugabar cibiyar, ta tafi jana'iza Dogon Kiriya. Ta kulle ɗakin na'ura ta tafi da mabuɗi, don jarrabawar ɗalibai arba'in tana cikin na'urar, washegari za su rubuta. Bayan la'asar Rumaisa'u na zaune a gida da ƙaramar kwamfutarta, ta shiga na'urar daga nesa don ta duba komai lafiya. Komai lafiya. Ta rufe, ta yi shara, ta dawo ta buɗe.

Layi ɗaya ne fa. Ta ga a ranta yadda Luƙman zai zo Asabar ya tarar an gama, ya kalle ta da murmushin nan. Ta ce za ta jona katin, ta yi wuf ta maida adireshin kafin komai ya yanke.

Ta buga. Allon ya tsaya cak.

Ta danna, ta sake dannawa. Ta ruga cibiyar ba ko takalmin kirki, ta tarar da ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Wayar Madam Lydie ba ta shiga. Na'urar tana ciki tana kukanta lafiya lau, amma babu mai iya yi mata magana.

Da safe ɗalibai arba'in suka zauna gaban allo babu komai. Wasu daga ƙauye suka taho a amalanke tun asuba. Iyaye suka taru a tsakar cibiyar, aka kira Luƙman, ya iso kafin azahar. Ya dubi ƙofar, ya dubi Rumaisa'u da ke tsaye jikin bango tana murza bakin mayafi. Nan take ya gane.

"Wa yat taɓa na'urar?" in ji Malam Ɗantala.

Rumaisa'u ta sunkuyar da kai.

"Ni na, Baba," in ji Luƙman. "Daga Dutsi na taɓa ta. Kuskurena na."

"Ɗiyan mutane arba'in. Ka zare igiya kana nesa, don kana jin kai gwani na." Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ka gama aiki nan. Ƙofar gidana ma ka gama da ita."

Luƙman ya duƙa, ya hau motonsa ya tafi.

Ranar Lahadi Madam Lydie ta dawo. Is'haƙa ya zo da akwatin suwic sabo fil a kafaɗa, ya ce a gwada. Rumaisa'u ta ce a ba ta minti biyar. Ta zauna gaban na'urar, ta maida adireshin kan suwic, komai ya dawo. Aka yi ta sa mata albarka. Malam Ɗantala ya bi majalisa yana ba da labari: ɗan birni ya ɓata, ɗiyarsa ta gyara.

Yabon nan ya fi zagi ciwo. Ta kasa cin abinci, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta yi wanki, ta sake wanke abin da ta wanke. Saƙo kuwa ta tura ya fi goma.

"Luƙman, ka yi min magana."

"Ko zagina ne ka yi, na cancanta."

"Ɗan Dutsi, ka daina sona ko?"

Shiru. Ta ce a ranta ya tsane ta, kuma yana da gaskiya. A rana ta biyar ta ji innarta na cewa dangin Is'haƙa za su kawo goro Juma'a mai zuwa. A ranar ce amsa ta zo.

"Baba ya hana ni ƙofarsa, waya ma ƙofa ce, shi ya sa na yi shiru. Wannan ɗaya kawai zan turo. Ban daina ba, ba zan iya ba. Kar ki faɗa masa, Ruma. Ni Dutsi zan ci gaba da aikina. Ke kuwa ke ce abin alfaharinsa."

Ta yi kuka har ta gode wa Allah. Sannan ta wanke fuska, ta fita zaure inda babanta ke gyaran rediyo, ta durƙusa.

"Baba, ni ta. Ni na taɓa na'urar."

Bai ɗago ba. "Kina son ki wanke Luƙman."

"Na'urar tana rubuta wanda yash shiga da lokacin. Sunana na ciki, Alhamis bayan la'asar. Ya hana ni, na ƙi ji."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Yi min bayani yadda zan gane."

Ta yi masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato igiyar da kike magana bisanta, ita kinka zare."

"Ita, Baba."

"Kuma kinka bar ni ina yawo gari ina yabonki."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, ta ga yadda ya tsufa a ɗan lokacin nan, ta ji kamar ta nutse.

"Gobe za ki hwaɗi gaban kwamiti," ya ce. "In sun kore ki, sun kore ki. Kuma gidajen ɗiyan nan arba'in, ƙafa da ƙafa za ki bi ki ba da haƙuri."

Ta faɗa wa kwamiti gaskiya. Ba su kore ta ba, amma sun dakatar da ita wata guda, aka sa wa ɗalibai sabuwar rana. Kwana shida tana bin gidaje cikin rana. Wasu suka yafe nan take, wata tsohuwa kuwa ta wanke ta tas kafin ta ba ta ruwa. Malam Ɗantala da kansa ya je wajen amininsa ya ce a dakata da goro. Is'haƙa ya ji zafi, amma ya ce shi ma ba ya son matar da zuciyarta ke Dutsi.

Sai tsohon ya aika a kira Luƙman. Rumaisa'u ta laɓe bayan ƙofar zaure, tana sauya ƙafa.

"Ka yi min ƙarya," in ji Malam Ɗantala.

"Na yi, Baba."

"Gaban mutane. Ka sa na zalunce ka da bakina. Ka san nauyin wanga?"

"Na sani. Ku gahwarce ni."

"Ni ma ka gahwarce ni. Amma hwaɗa min gaskiya yanzu: in ta sake yin wata ɓarnar, don za ta sake, na san ɗiyata, za ka kuma rufa mata?"

Rumaisa'u ta shiga roƙon Allah Luƙman ya ce a'a.

"Baba, ba ni son in ƙara muku wata ƙaryar. In dai ita ta, ina jin tsoro zan sake."

Sai ta ji wani sauti da ta kwana biyu ba ta ji ba: babanta na dariya ƙasa-ƙasa.

"To ai gara in ba ka ita, ka riƙa ruhwa mata asiri da izinina. Turo magabatanka." Ya ɗan ɗaga murya. "Ke kuma da ke bayan ƙofa, ki kawo wa baƙo ruwa, kin ishe mu da motsi."

Bayan ruwan shuka da sati uku aka ɗaura auren, ranar Asabar da hantsi. Mutanen Dutsi suka cika mota biyu, ɗaliban nan arba'in suka zo har da tsohuwar da ta yi faɗa. Da aka shafa fatiha Malam Ɗantala ya shiga ciki, ya tarar da amarya a lulluɓe, tana kaɗa ƙafa a kan tabarma. Ya dafa kanta.

"Na yi shekaru ina yabonki don ba ki kuskure," ya ce a hankali. "Yau na fi alfahari da ke, ɗiyata. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a masu gaskiya, shi ƙara wa mijinki haƙuri."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Rumaisa'u ta riƙe hannun babanta da hannu biyu, ta ƙi saki, har sai da aka zo aka ce mota na jira.